Tutar Da Saje Carney Ya Hana Ta Taɓa Ƙasa

A lokacin yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, bisa al'ada kowace rundunar sojan ƙasa ta Arewa takan fita fagen daga da tutoci biyu na siliki, wato ta ƙasa da ta rundunar ko ta jiharta. Amfaninsu ya wuce ado. Bindigogin zamanin na albarushi ne, da an soma wuta sai hayaƙi ya turnuƙe, muryar hafsa ta ɓace cikin ƙara. To, tuta ce soja yake hange ya san inda 'yan'uwansa suke. Abokan gaba ma sun san haka, saboda haka mai riƙe da ita shi ake fara aunawa, ga shi kuwa ba ya ɗauke da bindiga.

Wannan nauyi ya ninka a kan runduna ta 54 ta jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1863 da baƙar fata zalla, sai hafsoshinta Turawa. Mutane da yawa a Arewa suna cewa baƙar fata ba za su iya tsayawa gaban harsashi ba. Gwamnatin Kudu kuwa ta yi barazanar hukunta duk wanda ta kama a matsayin bawa mai tawaye. In da sun bar tutar ƙasa a hannun maƙiya, da masu wannan zance sun sami abin faɗa.

Ran 18 ga Yuli, 1863, da almuru, sojoji wajen 600 na rundunar suka auka wa ganuwar Wagner da ke tsaron tashar jiragen ruwa ta Charleston. Shugabansu, Kanar Robert Gould Shaw, ya faɗi a kan ganuwar. Mai riƙe da tutar ƙasa ma ya faɗi, sai Saje William Carney, wanda aka haifa cikin bauta a Norfolk, ya yar da bindigarsa ya cafe ta. Ya kai ta har kan ganuwa ya kafa, ya durƙusa yana riƙe da ita. Da aka ja da baya ya komo da ita, jini na zuba daga raunukan harsashi, bai yarda ya miƙa wa kowa ba sai mutanen rundunarsa. Ya shaida musu cewa ba ta taɓa ƙasa ba.

Ganuwar dai ba ta ciwu ba ran nan, kuma rundunar ta yi hasarar fiye da mutum 250, tsakanin matattu, masu rauni da waɗanda aka kama.

A Disamba 1865 rundunonin jihar suka mayar wa Gwamna John Andrew tutocinsu, aka ajiye a ginin majalisar jiha a Boston. Shi kuwa Carney, abin mamaki, sai a 1900 aka ba shi babbar lambar jarumta ta ƙasar, bayan shekara 37. Ya rasu a 1908, yana aikin masinja a wannan gini.