Hunturu ya kama: mai keke ya kula da ƙafarsa

A ƙasar Madarunfa, watan Disamba da watan Janairu su ne tsakiyar ɗari. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da 15. A wannan lokaci ne masunta ke ɗaure kifin tafkin Madarunfa a bayan keke, masu garka na Jiratawa su ɗaure kayan lambu, kowa ya nufi kasuwar Maraɗi. Daga Madarunfa zuwa Maraɗi tafiya ce ta fiye da kilomita 20.

Da yawa sukan yi rawani, su sa riga biyu, amma ƙafa tana cikin silifa. Alhali kuwa ƙafa ce ke fara jin jiki. Idan sanyi ya bugi mutum, jiki yakan janye jini daga yatsu ya mayar ciki. Iskar gudun keke kuma tana kwashe ɗan ɗumin da ya rage. Sai yatsu su sandare. Ƙafar da ta sandare ba ta jin feda. In ta zame a cikin yashi, ga faɗuwa, ga asarar kaya.

Maganin abin ba tsada. Mai keke ya sa safa busasshiya da rufaffen takalmi. Kada takalmin ya matse, domin matsi yana hana jini gudu. Wanda takalminsa ke shan iska ya rufe safar da leda, amma ya cire ta da zarar ya isa, saboda gumi. Masunci da mai ban ruwa su goge ƙafa ta bushe sarai kafin su hau, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa ta fi saurin yin sanyi. In yatsu suka fara mutuwa a hanya, a sauka a tura keken kaɗan har jini ya dawo.

Da an iso, kada a miƙa ƙafa ga wutar mai shayi nan take. Ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba, balle mai ciwon suga. A murza ta da hannu tukuna.

Da dare a wanke ƙafa da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya don kare faso. Fason da ya yi jini ko ruwa, a kai shi likita. Rigakafi ya fi magani.