Kalaman Sassautawa: Tsakanin Ingilishi da Hausar Bacirawa

Mai magana da Ingilishi kan ce "calm down" ko "take it easy" idan yana son wani ya sassauta. A Bacirawa ta Jihar Kano, inda gonaki ke manne da juna, saɓani kan iyaka na iya tasowa da faɗuwar damina. A irin wannan zama, fassara waɗannan kalamai kai tsaye kan rura wutar da ake son kashewa, domin matashin da ya ce wa dattijo "kwantar da hankalinka" umarni ya ba shi.

Hausa tana da dabaru uku na rage kaifin magana. Ta farko ita ce amfani da lamirin "a", wanda ba ya nuna kowa: "Baba, a yi haƙuri." Ta biyu ita ce saka "ɗan" gaban aikatau: "A ɗan sassauta." Ta uku ita ce ninki mai rage ƙarfin ma'ana: "Maganar da ɗaci-ɗaci."

Saboda haka, kafin mai fassara ya zaɓi kalma, wajibi ne ya auna matsayin wanda ake yi wa maganar.