Ragin da ke cinye riba: lissafin kanti daga Diffa zuwa Foulatari

Ɗan kasuwar da ke sarin kaya a garin Diffa ko Maine-Soroa ya kai Foulatari yana ɗauke da kaya iri-iri a mota guda: shinkafa, sukari, ganyen shayi, sabulu, atamfa, dusar dabbobi, kanwa da gishiri. Masu sayensa galibi makiyaya ne, don Foulatari kwamin ce ta Fulani a gundumar Maine-Soroa, kuma makiyayin da ya sayar da raguna ya zo sayen kayan wata biyu ba zai tafi ba sai ya ce, "Alhaji, a yi mini ragi." Haƙƙinsa ne ya nema, kasuwa ta gaji haka. Matsalar tana ga amsar da mai kanti ke bayarwa, domin da yawa suna yin ragi ɗaya a kan jimillar kuɗi, alhali kayan ba riba ɗaya suke kawowa ba.

Mu ɗauki misali da ƙirƙirarrun farashi. Buhun shinkafa ya tsaya wa mai kanti jika 10 har da kuɗin mota, yana sayarwa jika 11. Ribarsa jika ɗaya ce. In ya rage kashi 5 cikin ɗari, ya bar faranka 550, wato fiye da rabin ribar. In ya kai kashi 10, ya taɓa uwar kuɗi. Turmin atamfa kuwa da ya saro jika 6 yake sayarwa jika 9, ko ya rage kashi 10 yana da sauran riba faranka 2,100. Ragin da atamfa ke ɗauka ba ta ji ba, shi ke karya shinkafa.

Tsofaffin 'yan kasuwa sun san wannan da ka, ba su jira kwamfuta ta gaya musu ba. Sai dai ba kullum Alhaji ke zaune a kanti ba. Yaron shago ne ke ciniki, kaya sun kai kala ɗari biyu, ga kuma abin da aka san Diffa da shi: kuɗi biyu ne ke yawo a hannun mutane. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, ba ta motsi. Naira kuwa, wadda ake ciniki da ita ko'ina a bakin Komadugu, tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗo daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sari kaya da naira a Gaidam ko Gashuwa ya sayar da sefa, farashinsa na makon jiya ba lallai ya yi masa aiki yau ba.

A nan jadawalin lissafi na kwamfuta ke da amfani. Ba sabon abu ba ne: Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, Excel ya biyo a 1985. Yau ana samun Excel da Google Sheets a wayar salula, LibreOffice Calc kuma kyauta ne, ba ya bukatar intanet.

Tsarin shafi biyu ne. Na farko ƙarami, a sa masa suna Ragi, a jera rukunonin kaya da kason kowanne: kayan abinci kashi 2, abincin dabbobi kashi 4, sabulu da man shafawa kashi 6, yadi da takalma kashi 10. A shafi na biyu kowane kaya yana da layinsa: suna a gidan A, rukuni a B, farashi a C. Mai koyo yakan fara da umarnin SI, ya ce in rukuni abinci ne a rage kaza, in ba shi ba in yadi ne a rage kaza. Yana aiki ga rukuni biyu ko uku, amma da sun yi yawa sai ya zama igiya mai ƙulli bakwai, ba mai iya kwance ta ranar da za a canza kaso guda. Wanda ya fi shi ne wannan, a gidan D:

=RECHERCHEV(B2;Ragi!$A$2:$B$5;2;FAUX)

Ma'anarsa: duba rukunin da ke B2, neme shi a shafin Ragi, kawo kason da ke gefensa. Sai a gidan E a rubuta =C2*(1-D2), farashin sallamawa ya fito. Yawancin kwamfutocin Nijar da Faransanci suke, shi ya sa sunayen suka zo haka, da waƙafi mai ɗigo tsakanin sassa. Wanda ya sayi tasa a Maiduguri ko Kano zai tarar da VLOOKUP da FALSE da waƙafi zalla, aikin dai ɗaya ne.

FAUX ɗin ƙarshen nan kada a bar shi. In babu shi, Excel zai kawo abin da ya ga ya yi kusa, ya ba sukari ragin wani rukuni ba tare da ya nuna wani kuskure ba. In kuma yaro ya rubuta sunan rukuni ba daidai ba, #N/A za ta bayyana. Wasu kan rufe ta da SIERREUR don shafi ya yi kyan gani. Ni ban goyi bayan haka ba a kanti: gara alamar ta tsaya a idon mai ciniki har ya gyara. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa jerin zaɓi a gidan B, yadda ba a rubuta rukuni da hannu.

Sauran gyara uku na kasuwarmu ne. Lissafi zai iya fitar da 10,780, alhali mutane da dalar sefa suke ƙirge kuma canji wahala yake, don haka ARRONDI.AU.MULTIPLE tare da 25 zai mayar da shi 10,775, dala biyar-biyar. Sannan a keɓe gida ɗaya tak don canjin naira na ranar, duk farashin sari ya rataya a kansa. A ƙara umarnin MAX da zai hana farashin sallamawa sauka ƙasa da kuɗin sari da na mota. Da safe a tambayi 'yan canji, a canza lamba guda, shafi duka ya bi.

Wanda ya fi kowa bukatar wannan, a ganina, shi ne ɗan kasuwar tattasai. Busasshen jan tattasan kwarin Komadugu shi ne arzikin Diffa, yawancinsa Najeriya yake tafiya. Bayan hare-haren Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, ta takura cinikin tattasai da kifi da samun takin zamani, jarin mutane da yawa ya narke. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wani nauyin. Wanda ya sake tayar da sana'a da ɗan abin da ya saura ba shi da rarar da zai yi ragi da ka. Tattasai kansa ba rukuni guda ba ne: akwai sabo mai jan launi, akwai wanda ya kwana a sito ya dushe, akwai na ƙarshen tsinka. Wanda ya dushe ya cancanci ragi mai yawa don ya fita kafin damina ta kawo danshi, sabo kuwa babu dalilin rage masa ko dala, sai dai ga mai ɗaukar mota guda ya biya nan take.