Kwana biyu tsakanin Sakkwato da Wurno: Me baƙo zai gani?

A ƙasashen Turai al'ada ce mutum ya ware kwana biyu ko uku a ƙarshen mako, ya tafi wani babban birni kamar Paris ko Roma, ya zaga fadojin sarakuna da gidajen tarihi, ya koma bakin aikinsa ranar Litinin. Irin wannan gajeriyar tafiya ba ta zama jiki ba a arewacin Najeriya, inda galibi ba a barin gida sai don biki ko ta'aziyya ko fatauci.

To amma akwai yankin da ya dace da ita. Daular Usmaniyya ta yi manyan mazaunai biyu da ke kusa da juna, wato Sakkwato da Wurno, kuma tafiya tsakaninsu ba ta wuce kamar awa ɗaya a mota. Wanda ya tsaya a na farkon kaɗai, kamar yadda yawancin baƙi ke yi, ya ga rabin labarin ne kawai.

Ranar farko: Birnin Shehu

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, shekara biyar bayan hijirar mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu. Shehu kansa bai tare a birnin ba sai a 1815, kuma a nan ya rasu a watan Afrilun 1817.

Hubbaren Shehu shi ne wurin da kowa ke fara zuwa. Yana cikin tsohon gari, ba nisa da masallacin da ke ɗauke da sunansa, kuma masu ziyara na zuwa daga Nijar da Kamaru da sauran ƙasashen makwabta. A nan ne kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, malamar da ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara, wadda ta rasu a 1864. Malamai sun sha bamban a kan abin da ya halatta mai ziyarar kabari ya aikata, musamman batun neman tabarruki, kuma baƙo zai tarar da masu bin kowane ra'ayi. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ladabin wurin: a cire takalmi, a sassauta murya, a nemi izini kafin a ɗauki hoto.

Daga nan sai fadar Sarkin Musulmi, sai masallacin Bello, sai kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake adana rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da kayan yaƙi na zamanin daular. Mai sha'awar karatu na iya ɓata rabin yini a wannan gida shi kaɗai. Unguwar Giginya kuwa, nan ne dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kara da sojojin Ingila a ranar 15 ga watan Maris na 1903, sai dai gine-ginen zamani sun mamaye fagen.

Da yamma ana iya leƙa dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta tashoshin can take isa gare su.

Me ya sa sarki ya bar birninsa?

Hanyar Wurno na fita ta arewa maso gabas, ta ratsa Achida mai babbar kasuwar mako-mako. Garin na kan tudu, yana kallon fadamar gulbin Rima, kuma duk wanda ya tsaya a bisa tudun ya duba arewa zai gane dalilin zaɓen wurin tun kafin a yi masa bayani.

An ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kuma Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a yaƙin. Sai dai faɗuwar birnin ba ta kawo ƙarshen rigimar ba. Gobirawan da suka tsira sun ja da baya, suka haɗa kai da wasu Abzinawa da kuma Katsinawan da suka koma Maraɗi, suka ci gaba da kawo hari ta kwarin Rima. Wannan kwari shi ne ƙofar Sakkwato.

Maganin da Bello ya samo, bayan ya gaji mahaifinsa a 1817, shi ne ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa manoma ne da malamai da masu sana'a, amma a shirye suke su ɗauki makami. Ya kafa irin waɗannan garuruwa da dama, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Ya kuma kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri guda, a buɗe musu makarantu da masallatai. Masanin tarihi Murray Last, wanda littafinsa kan daular ya fito a 1967, na cikin waɗanda suka yi dogon bayani a kan wannan manufa.

Wurno ce Bello ya zaɓa wa kansa, wajejen shekarar 1830. Daga nan ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, inda ya karya lagon kawancen abokan gaba, kuma a nan ya rasu a 1837. Hubbarensa na cikin garin, kuma shi ne abin da ke kawo mafi yawan baƙi.

A Faransa ma, Sarki Louis na 14 ya kwashe fadarsa daga Paris zuwa Versailles a 1682, kuma yau miliyoyin mutane ke zuwa kallonta duk shekara. Bambancin shi ne, shi ya nisanci hayaniyar birni ne ya gina fadar ƙawa, alhali Bello ya matsa ne zuwa inda haɗarin yake. Saboda haka wanda ya je Wurno yana neman dogayen benaye zai koma da takaici. Ginin ƙasa ne aka yi, kuma damina fiye da ɗari da tamanin sun bi ta kansa.

Bayan Bello, sarakuna da dama daga zuriyarsa sun fi zama a Wurno. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya riƙa amsa sunan Abdulkarim, ya iso a 1853, a Wurno ya yi zaman makonni, domin nan ne mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. A shekarar 1885 kuma, nan Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardar yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. Ingila ta kafa hujja da takardar a gaban Faransa da Jamus cewa ƙasar ta shiga hannunta, fassarar da masana tarihi da yawa ke ganin ta yi nisa da abin da fadar ta fahimta.

A ƙasan tudun akwai fadamar da ke ciyar da garin. Da rani takan cika da shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, kuma samun buhun tafarnuwa a bayan motar mai dawowa daga Wurno ba abin mamaki ba ne.

Rabah da Goronyo

Rabah na bakin gulbin Sakkwato, kimanin mil 20 gabas da birnin, kuma ita ma ribaɗi ce tun asali. Abubakar Atiku, ɗan Bello, ya zauna a can kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873, shi ya sa ake ce masa Atiku na Raba. Jikansa shi ne Sa Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin, ya zama hakiminsa a 1934, ya sami sarautar Sardauna a 1938, sannan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Kabarinsa na Kaduna, inda aka kashe shi a ranar 15 ga watan Janairun 1966, amma yarintarsa a nan ya yi ta, kuma ya bayyana garin da gulbinsa a farkon littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962.

Wanda ya fi son ruwa da sarari a kan tarihi, sai ya zarce daga Wurno zuwa Goronyo. An kammala madatsar ruwan da ke kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 12, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Da ita birnin Sakkwato ke dogaro wajen ruwan sha da rani, haka ma manoma da masunta na Goronyo da Shinaka da ƙauyukan da ke kewaye. Tana da nata tabon: a watan Satumban 2010 ambaliyar da ta biyo ta kwarin Rima ta cinye gonaki da gidaje masu yawa, ta kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Batun tsaro

Babu yadda za a yi maganar yawon buɗe ido a gabashin Sakkwato ba tare da wannan ba. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 30 a yankin Gandi da ke ƙaramar hukumar Rabah. A watan Oktoban 2021 sun faɗa wa kasuwar Goronyo, kuma gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. A shekarar ce kuma aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi da dama na jihar, a wani yunƙuri na toshe wa maharan hanyar sadarwa.

Ke nan garuruwan da aka kafa don tare mahara su ne yanzu hari ke hana baƙi isa gare su, kuma ta kwarin da Bello ya tsare ne matsalar ta sake ɓullowa. Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta kuɗin shiga. Wurin tarihin da ba a zuwa, ba a cika tunawa da gyaransa ba, kuma dattawan da suka san wane kango ne na wa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Halin da ake ciki kan sauya daga mako zuwa mako, kuma ba ɗaya yake a ko'ina ba. Cikin birnin Sakkwato daban, hanyoyin ƙauye daban. Abin da ya fi dacewa shi ne baƙo ya kwana a Sakkwato, ya tambayi mutanen gari da direbobin tasha kafin ya kama hanya, ya tafi da ɗan gari, ya kuma dawo tun rana na sama. Idan aka ce masa kada ya je, to ya haƙura.

Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Kufan Alkalawa, wanda da shi ne zai cika zagayen, yana ƙaramar hukumar Sabon Birni, ɗaya daga cikin wuraren da hare-haren suka fi tsananta, don haka ba ya cikin tsarin tafiyar kwana biyun.