Ƙofofin da ke jikin ƙwayar halitta, da sirrin ruwan gishiri da sukari

Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga Kwamba, a nan garin Suleja.

Da zarar damina ta kankama, ruwa ya kwaso dattin kwatami ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi, ragowar ya gangara kogin Iku, gudawa ta shiga gidaje ke nan. Uwa ta saɓo ɗanta zuwa kemis ko asibiti, sai a miƙo mata ɗan ƙunshin nan na gishiri da sukari da ake kira O.R.S. Sau da yawa ranta ba ya so. Allura ta zo nema ko ƙarin ruwa, ga shi an sallame ta da abin da take ganin tana da irinsa a madafa. Iyayenmu mata, ku ba ni aron kunnuwanku, domin akwai ilimi mai zurfi a cikin ƙunshin nan, kuma kun cancanci a yi muku bayaninsa.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani na maiƙo mai ninki biyu, siriri ƙwarai, sai an jera kamar 10,000 kafin a kai kaurin silin gashi ɗaya. To maiƙo ba ya shiri da ruwa, saboda haka gishiri ko sukarin da ya narke ba shi da hanyar ratsa tantanin nan da kansa. Mu mutanen Suleja ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Sarki Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, shekara na zagayowa ya fara gina masa ganuwa. Amma ganuwar da ba ta da ƙofa kurkuku ce. Dole a bar mashiga, kowace da mai tsaronta. Ƙofofin ƙwayar halitta su ne furotin da ke ratsa tantani daga waje zuwa ciki, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren furotin ɗin jikinmu a tantani suke zaune.

Yaya aka yi suke tsayawa cikin maiƙo ba su fice ba? Furotin doguwar sarƙa ce ta sinadaran amino asid, waɗanda iri 20 ne. Wasu suna son ruwa, wasu suna gudunsa. Inda masu gudun ruwa kamar 20 suka jeru a jere, sai wannan sashe ya murɗe ya nutse cikin maiƙon, tsawonsa daidai da kaurin tantanin, kai a waje, wutsiya a ciki. Wata sarƙar sau ɗaya take ratsawa, wata sau 7, wata 12. Idan murɗaɗɗun sassan suka yi yawa sai su yi da'ira, masu gudun ruwa su fuskanci maiƙon tantani, masu son ruwa su fuskanci tsakiya, a samu siririyar hanya da zaɓaɓɓun abubuwa kaɗai ke iya bi. Da yawan magungunan da ke kan kantar kemis a nan suke aiki: amlodifin na hawan jini ƙofar kalsiyam yake tarewa, omefrazol na gyambon ciki kuma famfon da ke zuba tsami a ciki yake tsayarwa.

Mu koma hanji. A 1957 wani masani ɗan Denmak, Jens Skou, yana bincike a kan jijiyar ƙaguwa, ya gano wani furotin da ke aikin famfo dare da rana: ya fitar da sodiyam 3 daga cikin ƙwaya, ya shigo da fotasiyam 2. Sodiyam shi ne rabin gishirin da muke ci. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Saboda famfon nan, cikin ƙwaya kullum ƙarancin sodiyam yake yi, na waje kuwa kullum neman hanyar shiga yake.

A 1960 Ba'amurke Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana cin moriyar wannan matsi. A fuskar ƙwayoyin da suka shimfiɗe ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da yanzu ake kira SGLT1, mai ratsa tantani sau 14. Sharaɗinta mai tsauri ne. Sai sodiyam 2 sun zauna a gurbinsu, sukarin gulukos 1 ya zauna a nasa, sannan ta sauya siffa, ta rufe ta waje, ta buɗe ta ciki, ta sake su tare. Gishiri kaɗai ba zai wuce ta nan ba, sukari kaɗai ma haka. Da sun shiga, famfon Skou ya tura sodiyam ɗin ɓangaren jini, ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa binsa yake yi.

Yanzu ga abin da kwalara ke yi. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini, a hanji take zama tana fitar da dafi, kamar yadda likitan Kalkata Sambhu Nath De ya nuna a 1959. Dafin yana sa wata ƙofa dabam, CFTR, ta wangale ta ƙi rufuwa. Kuloraid, ɗaya rabin gishiri, ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam da ruwa su bi shi. Babban mutum yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Ido ya faɗa, fata in an tsunkula ba ta komawa, kafin yamma a rasa wanda aka gaisa da shi da safe. Amma cikin rahamar Ubangiji, dafin ba ya taɓa SGLT1. Tana nan tana jiran a kawo mata gishiri da sukari tare.

David Nalin da Richard Cash sun gwada haka a kan masu kwalara a Dakka a 1968, ya yi aiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, sai ya sa 'yan uwan marasa lafiya suka riƙa ba su haɗin da kofi. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi tsayin daka wajen kai wannan ilimi gida-gida. Duk da haka a 1991 kwalara ta kashe sama da mutum 7,600 a ƙasar nan, a 2021 kuma sama da 3,600, jihar Neja na cikin waɗanda ta shafa. Abin yana min ciwo, domin da yawansu ƙarancin ruwa ne ya kashe su, maganin kuwa bai fi ƙarfin aljihun kowa ba.

Tunda ƙofar nan da lissafi take aiki, awo ba abin wasa ba ne. Ƙunshin lita ɗaya a zuba shi duka cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato leda biyu na fiya wata mai rabin lita, ko tafasasshen ruwan da ya huce. In babu ƙunshin, cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba tozo, da rabin cokalin shayi na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwan. Kada tausayi ya sa a ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha. Sukarin da ya fi ƙarfin ƙofar a hanji zai tsaya, ya jawo ruwa daga jiki, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Gishiri in ya yi yawa kuma haɗari ne ga ƙwaƙwalwar jariri. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Wata uwar takan daina bayarwa ta ce ai bai tsayar da zawon ba. Ba aikinsa ke nan ba, Hajiya. Aikinsa mayar da abin da ke fita har cutar ta wuce. A ci gaba da ba da nono, a ba da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba da cokali-cokali. Amma idan yaro ya kasa sha, ko maɗigarsa ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ɗiga masa in yana iya haɗiya, domin a nan sai an sa ruwa ta jijiya kai tsaye.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.