Wutar Kaka da Wutar Bazara: Mas'alar Ƙona Daji a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga gabas, sai sanarwa ta cika gidajen rediyo ana jan kunnen jama'a game da ƙona daji, ana cewa duk inda wuta ta bi itace ya halaka, hamada kuwa ta ƙara matsowa. Tun da Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL a ƙarshen shekarar 2021, aka ware dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa a jihohin Arewa goma sha tara da Abuja, maganar dashen itatuwa ta ƙara ƙarfi, muhawara kuma ta biyo bayanta a majalisun Ikara da Malikanci da Makarfi da Hunkuyi. Ma'aikaci yana cewa a hana wuta kwata-kwata. Dattijon manomi da makiyayi suna cewa kakanninsu sun ƙona daji shekara da shekaru, alhali kuwa a zamaninsu doka da maje sun fi na yau yawa nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma dukansu sun yi tarayya a kuskure guda, watau ɗaukar wutar daji a matsayin abu ɗaya wanda hukuncinsa ba ya sākewa.

Wannan zance na "wuta ai wuta ce" shi ne abin da ya fi damuna, domin duk wanda ya taɓa tsayawa ya dubi daji yana ci a watan Nuwamba, sa'an nan ya sāke dubansa yana ci a watan Maris, ya san cewa bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. A ƙarshen kaka gamba da kyasuwa ba su gama bushewa ba, akwai sauran danshi a gindinsu, raɓa tana sauka da dare, saboda haka wutar takan yi tafiyar hawainiya, ta ci nan ta tsallake can, harshenta bai cika wuce ƙugun mutum ba, kuma galibi sanyin dare yakan kashe ta ba da taimakon kowa ba. Amma idan aka bar ciyawar nan ta sha hunturu wata uku ko huɗu, ta bushe ƙayau har ƙasa, rana ta yi zafi, iska tana kaɗawa, to ranar da ashana ɗaya ta faɗa mata, wutar da za ta tashi takan haura rassan itatuwa, ta tsallake hanya, ba ta barin ko da tsibiri ɗaya na ciyawa inda zomo ko ɗan tsiro zai fake.

Abin da ke kashe itace a cikin wuta ba ƙonewar ganye ba ne. Tsakanin ɓawo da itacen ciki akwai wani siririn sashe mai danshi, wanda daga gare shi ne itace ke ƙara kauri, ta kusa da shi kuma abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Idan zafi ya ratsa ɓawo ya kai wannan sashe ga kimanin digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ya mutu, idan kuwa ya mutu kewaye da gangar jikin, to duk abin da ke sama ya tafi. Dalili ke nan da ya sa babbar kaɗanya, mai ɓawo mai kauri da tsage-tsage, take tsayawa cikin wuta shekara bayan shekara ba ta ko gezau, alhali ɗiyarta mai kaurin yatsa, wadda kanta yake daidai inda harshen wuta ya fi zafi, ba ta da abin kāriya ko kaɗan. Masu binciken daji sun lura cewa sai ɗan itace ya kai tsawon kamar mita biyu zuwa uku, ɓawonsa ya yi kauri, kāna ake sa ran kansa ya tsira daga wutar ciyawa.

Sai dai fa mutuwar kai ba ita ce mutuwar itace ba, kuma a nan ne hikimar Ubangiji cikin halittar itatuwan ƙasarmu take bayyana ga mai lura. Taura da kalgo da baushe da gwandar daji da doka, dukansu sukan fara gina ƙasa kafin su gina sama. Ƙwallon kaɗe ma idan zai tsira, ba ya fitar da kai nan take, sai ya tura idon tsironsa cikin ƙasa tukuna, daga can ƙarƙashi ne kara zai ɓullo, ta yadda ko wuta ta lashe abin da ke waje, idon yana nan lafiya lau. Misalin irin wannan ɗan itace kamar ɗan kasuwa ne wanda ya binne uwar kuɗinsa a gida, yana fitar da kaɗan yana kasa haja a rumfa. Idan gobara ta ci rumfar a lokacin da ya riga ya sayar ya mayar da riba gida, asararsa kaɗan ce, gobe zai sāke kasawa. Idan kuwa ta zo a ranar da ya kwashi jarinsa ya saro sabon kaya, to ta taɓa asali. Wutar kaka takan sami itace ya gama tara abincin damina a saiwa, yana shirin zubar da ganye. Wutar bazara kuwa takan same shi ya riga ya ciro ajiyar nan ya yi sabon toho yana jiran ruwa, sai ta cinye tohon, ya koma ya sāke cirowa, kuma idan haka ta maimaitu shekaru a jere, ajiyar takan ƙare, saiwar ta mutu.

Saboda haka yawancin 'yan kututturan da muke gani iya gwiwa a kan tudu da gefen burtali, muna zaton tsiron bana ne, la'alla waɗansunsu sun girmi yaran da ke kiwo a wurin. Wuta da adda da bakin akuya ne suke mayar da su baya kowace shekara, kuma abin da suke bukata kawai shi ne 'yan shekaru na sarari su miƙe. Mutanen ƙasar Maraɗi sun tabbatar da haka tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona daga Ostareliya, ya jawo hankalin manoma ga barin toho ɗaya ko biyu a kan kowane kututture suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, ba tare da an dasa su ba.

Ba da ka nake faɗin bambancin wutar nan biyu ba, an jarraba shi tun zamanin Turawa, jarrabawa mai tsawo irin wadda ke bukatar haƙurin da ya yi ƙaranci a yau. A shekarar 1929 ma'aikatar gandun daji ta ware filaye uku a Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta: ɗaya aka hana masa wuta baki ɗaya, ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya kuma a ƙarshensa. Da masu bincike Charter da Keay suka buga sakamakon a 1960, bayan kusan shekara talatin, sai aka ga filin da aka tsare ya rikiɗe ya zama kurmi, na wutar farkon rani ya cika da itatuwa, na wutar ƙarshen rani kuwa ya zauna fili mai ciyawa, ba abin da ya jure sai itatuwa masu taurin ɓawo. Aubréville, wani Bafaranshe masanin daji, ya kafa irin wannan gwaji a Kokondekro kusa da Bouaké ta ƙasar Kwaddibuwa a 1936, aka sami kusan abu guda. Mai musu zai ce waɗannan wurare sun fi mu ruwa, kuma gaskiyarsa, domin mu nan ruwan shekara bai cika wuce milimita dubu da 'yan kai ba, ba kuwa za a sami kurmi irin na Kudu a Paki ko Gimi ba kome tsaron da aka yi. Amma gwajin da aka yi a arewacin Gana, ƙasar kaɗanya da ɗorawa irin tamu, shi ma jerin bai sāke ba: filin da aka tsare ya fi yawan itace, na wutar farko yana biye, na wutar ƙarshe shi ne kurar baya.

To, sai wani ya ce ashe hanawar ita ce ta fi. Da za ta yiwu, kuma da itace kaɗai ake nema, da haka ne. Amma tsare daji daga wuta a ƙasar da mafarauta ke bin gafiya da kurege, masu shan taba ke wucewa, manoma ke sharar gona, abu ne da ya yi kusa da mustahili, kuma filin da aka tsare shekara uku ciyawa ta taru a cikinsa, ranar da ya kama a watan Maris ɓarnar da za a yi ta fi ta wanda ake ƙonawa kowace kaka. Malaman usulu sun yi mana ƙa'ida cewa idan cuta biyu suka haɗu ba makawa, sai a ɗauki mafi sauƙinsu, kuma bisa wannan ma'auni ne ma'aikatan daji na dā suka riƙi ƙunar farkon rani a gandayen gwamnati. A arewacin Ostareliya ma, tun 2006 aka koma ga wannan tsari na 'yan asalin ƙasar a yammacin Arnhem Land, ana ƙona daji ƙyalle-ƙyalle da wuri domin a karya lagon babbar wutar ƙarshen rani.

Akwai kuma haƙƙin makiyayi, wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana taron dashe. Ga mai shanu, ɗan itacen da ke shigowa makiyaya ba kullum alheri ba ne. Inda kiwo ya yi yawa har ciyawa ta ƙare, wuta ba ta samun abin ci, sai ɗunɗu da sauran ƙayoyi su sami sarari su rufe fili, saniya ta rasa hanyar shiga balle abin ci. Wannan ɗunɗu namu da aka kai Kyuba ya mamaye fiye da hekta miliyan ɗaya na gonaki da makiyaya a can. A irin wannan wuri wuta mai zafi ta ƙarshen rani, sau ɗaya cikin 'yan shekaru bayan an bar ciyawa ta taru, ita ce maganin da ke mayar da ƙaya baya. Ita kuwa wutar kaka, duk da taushinta ga itace, tana da nata aibin: tana cinye abincin rani na dabba, kuma idan aka dawwama a kanta takan raunana gamba, domin tana samunta ba ta gama mayar da ƙarfinta cikin saiwa ba. Ashe ke nan kafin a tambayi yaushe za a ƙona, wajibi ne a fara yanke shawarar abin da ake nufi da filin, itace ko ciyawa.

Ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan yau galibinta gonaki ne, dajin da ya rage bai wuce kan duwatsu da hurumi da burtali da bakin rafi ba, sai wanda ya nufi Falgore ta wajen Tudun Wada. A gona ba ni ganin hujjar wuta ko ta wane lokaci, domin karan dawa da ganyen rake da ake cinna wa wuta taki ne ake aikawa sama cikin hayaƙi, tokar da ta rage kuwa iska ce ke kwashe ta. Haka nan duk abin da na faɗa na juriyar itatuwan daji bai shafi mangwaro da kashu da sauran itatuwan dashe da ake rabawa a leda ba. Waɗannan ba su da ajiya a ƙasa a shekarunsu na fari, wuta kome ƙanƙantarta tana gamawa da su. Ina ganin gafala ce babba a tara jama'a a watan Agusta a dasa dubban itatuwa gaban manyan baƙi, sa'an nan a watan Nuwamba a rasa wanda aka ɗora wa nauyin nome ciyawar da ke gindinsu da share fili kewaye da su, alhali kuɗin wannan aiki bai kai na rumfar bikin ba.

Dokar da hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar a 2011 game da wutar daji ta tanadi neman izini kafin ƙonawa, watau ita kanta ta yarda akwai ƙunar da ta halatta, amma manomin Likoro ko Gazara ba ya jin wannan sashe a rediyo, tsoratarwa kaɗai yake ji, sai ya cinna wutarsa a ɓoye ya gudu, wadda ita ce mafi sharrin wuta. Fikihunmu ya riga ya bambance: a cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi har ta yi ɓarna, ya rataya hukuncin ga lokaci da sakaci. Abin da nake roƙon ƙananan hukumomin nan uku shi ne su bar wa dagaci da sarkin noma da arɗo da malamin daji ikon zama tare kowace kaka, su ware wuraren da za a tsare shekara huɗu ko biyar har toho ya wuce kan mutum, da waɗanda za a ƙona da wuri, su sa rana bayan an kawar da amfanin gonakin da ke maƙwabtaka, a share iyaka nesa da fadamun rake, a cinna da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, matasa suna tsaye da ɗanyen ganye a hannu, kuma kada kowa ya bar wurin sai an tabbatar kututturen ƙarshe ya daina hayaƙi.