Daga otomatik zuwa giyar hannu: Yadda ake sauya wa tsoffin Marsandi giya a Jimeta

A garejojin Jimeta, daga yankin Jambutu zuwa Doubeli, ba a rasa wata tsohuwar Marsandi da aka ɗora a kan duwatsu, an zare mata giyabos an ajiye a gefe. Sau da yawa injinta lafiya lau yake, kujerunta na fata ba su yage ba, fentinta ma da saura. Abin da ya kwantar da ita shi ne giyar otomatik: ko ta daina shiga ribas, ko ta riƙa zamewa idan mota ta yi zafi. A nan ne mai ita, wanda ba mamaki ma'aikaci ne a sakatariyar tarayya ko ɗan fansho da ya dawo gida daga Abuja, yake fuskantar shawarar da ta zama ruwan dare, wato a cire otomatik ɗin baki ɗaya a sa mata giyar hannu.

Motocin da ake magana a kansu sanannu ne. Akwai W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da ƙaramar 190 wadda ta fito a 1982, da W124 da 'yan Nijeriya suka laƙaba wa suna V-boot, sai babbar W126 ta manyan mutane, wadda aka daina ƙerawa a 1991. Motar gwamnati a wancan zamani Fijo ce, haɗin kamfanin PAN na Kaduna, kuma ita ce akasarin abin da aka yi gwanjonsa bayan gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa tsabar kuɗi a 2003. Marsandi kuwa ta Kwatano ta riƙa shigowa, kuma ita ce burin darakta idan zai sayi ta kansa. Yau ƙaramar cikinsu ta kusa shekara talatin ko ta haura.

Dalilan sauyin ba na banza ba ne. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Faɗuwar darajar naira ta sa sabuwar mota, ko da 'yar Kwatano ce, ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci, don haka dole a lallaɓa tsohuwar. Ga kuma yanayin Yola. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, alhali zafi ne babban abokin gabar man giyar otomatik. Da damina kuma, ruwan da ke malala a unguwannin da ke kusa da Binuwai, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022, idan ya shiga cikin giyabos yakan ɓata faya-fayen da ke ciki, ko da an canza mai daga baya. Sannan wanda batirinsa ya mutu a tsakanin Numan da Gombe ya san darajar motar da mutum huɗu za su tura ta tashi, abin da turin hannu ba ya yi wa otomatik.

Sai dai aikin ya wuce cire wannan a sa wancan. Bayan giyabos ɗin kansa, sai an canza faifan ƙarfen da ke bayan inji, domin na otomatik siriri ne, ba zai ɗauki kuloci ba. Sai faifan kuloci da murfinsa da boris ɗinsa. Sai jerin fedoji uku a madadin biyu, da famfon kuloci na sama da na ƙasa, da bututun da ke haɗa su, da gorar man birki mai bakin da zai ba kuloci mai. Sai sandar giya da ƙarafan da ke haɗa ta da giyabos, da ƙarfen da giyabos ke zama a kai. Farfela ma ta bambanta, domin tsawon giyabos ɗin biyu ba ɗaya ba ne. Daga nan mai waya ya shigo: otomatik tana da makunnin da ke hana mota tashi sai tana kan P ko N, kuma ta nan fitilar ribas ke samun wuta, dole a sake haɗa su duka biyun.

A wurin farfela ne aka fi yin ɓarna. Idan ba a samu ta asali ba, wasu sukan yanke ta otomatik ɗin su ƙara mata tsawo da walda. Cikin gari, daga Jimeta zuwa Yola, mai mota ba zai ji komai ba. Sai ya hau babban titi ya haura kilomita 100 a sa'a ne jijjiga za ta taso daga ƙarƙashin kujera, ta riƙa cin robar da ke haɗa farfela da giyabos har ta yage. Farfelar da ta kuɓuce a irin wannan gudun tana iya dukan ƙasan mota, ko ta caki kwalta. Haka ma fedojin da aka yi wa ƙirar maƙera aka liƙa da walda: wurin da birki ke rataye ne, ba wurin gwaji ba ne. Shi ya sa kanikawan da suka san aikin suka fi son a samo mota sukutum mai giyar hannu wadda ta yi hatsari ko injinta ya buga, a kwashe komai daga jikinta, maimakon a tsinto kaya ɗai-ɗai daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a zo ana sassaƙa su don su shiga.

Wannan ke nuna iyakar motocin da sauyin ya dace da su. Kamfanin Marsandi ya fitar da W123 da 190 da W124 masu silinda huɗu da shida da giyar hannu tun daga masana'anta, don haka gurbin kayan yana nan a jikin motar, kayan kuma suna samuwa. Amma W126 mai injin V8, kamar 500 da 560, da otomatik kawai ta fito, haka ma Lexus LS400 da Toyota Avalon. Duk wanda ya ce zai sa musu giyar hannu, ƙirƙira zai yi da kuɗin mai mota. Motocin da suka biyo baya kuma, irin su W210, matsalarsu ta daban ce: daga wajen 1996 giyarsu mai lamba 722.6 kwamfuta ke sarrafa ta, tana kuma musayar bayanai da kwamfutar inji. Idan aka cire ta ba tare da daidaita kwamfutar ba, sai fitilun gargaɗi su kama, wata motar ma ta ƙi tashi.

Batun tsimin mai, wanda shi ne ke jan hankalin mafi yawan ma'aikata, yana buƙatar lissafi. Gaskiya ne tsofaffin giyoyin otomatik masu hawa huɗu suna asarar ƙarfi, domin ta cikin mai suke karɓar juyin inji, ba su da abin da ke kulle su da shi kai tsaye. Giyar hannu mai hawa biyar takan rage juyin inji a doguwar tafiya, in dai aksul na baya ya dace da ita. In bai dace ba, ko dai motar ta yi nauyin tashi, ko injin ya riƙa kuka a kan hanya yana shan man da aka so a tsimta. Ko an yi komai daidai, inji mai lita uku yana nan a mai lita uku. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce ofis da gida da masallacin Juma'a ba zai daɗe bai mayar da kuɗin aikin daga rarar fetur ba. Wanda kuma zai koma da motar Abuja, ya tuna da cunkoson Nyanya da Mararaba, inda ƙafar hagu za ta yini a kan kuloci.

Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne, da yawan giyoyin da aka yanke wa hukunci ba su mutu ba. Tsofaffin, masu lamba 722.3 da 722.4, suna cikin mafiya ƙarko da aka taɓa ƙerawa, kuma ƙa'idarsu a canza mai da matacinsa duk bayan kilomita 60,000, abin da wasu motocin ba su gani ba tun saukarsu daga jirgin ruwa. Giyar da ke fizga da ƙarfi wajen shiga, sau da yawa siririn bututun iskar da ya taso daga inji ne ya tsage. A 722.6 kuwa, sanannen ciwonta shi ne soket ɗin waya mai yoyon mai, da farantin lantarkin da ke cikinta, kuma duka biyun ana canza su ba tare da an sauke giyabos ba. Ƙarancin masu iya buɗe otomatik su gyara ne ke sa a gaggauta cewa a cire, domin kuloci kowane bakanike ya san shi, daga Jimeta har Mubi da Ganye.

Akwai kuma ranar sayarwa. V-boot mai giyar hannu da aka yi wa aiki mai tsabta tana da masu nema a Adamawa, musamman masu shiga ƙauyuka. Wadda aka yi wa kwaskwarima kuwa dillali yana leƙa ƙarƙashinta zai gane, kuma tabon walda a farfela shi ne farkon abin da zai nuna wajen karya farashi. Idan aikin ya kai ga taɓa inji har aka canza shi, lambar da ke takardun mota ta daina dacewa da wadda ke jikinta, sai an koma ofishin lasisi an gyara, an kuma sanar da kamfanin inshora, tun kafin jami'in VIO ya buɗe bonet a bakin hanya.